Mafarauta, Ku Daina Shafa wa Karnuka Baƙin Mai

Tun da aka kawar da amfanin gona aka fara fita farauta, da wuya mako ya wuce ba a kawo mana kare asibitin dabbobi ba, jikinsa duk ƙuraje, yana susa har fata ta saɓule. Ƙurajen kansu ba sa tayar mana da hankali, domin karen da ya yini yana kutsawa cikin ciyawa dole ya kwaso kaska da ƙuma, ƙarangiya kuma ta maƙale masa tsakanin yatsu. Abin da ke ɓata mana rai shi ne kafin a kawo shi an riga an mulke shi da baƙin man inji, wani har da fiya-fiya ko maganin feshin wake a ciki.

'Yan uwana mafarauta, na san yadda kuke ji da karnukanku, na kuma san tausayi ne ke sa mutum ya ɗauki abin da ke kusa da hannunsa idan ya ga dabbarsa ta kasa barci. Amma baƙin mai dattin inji ne, cike da ƙurar ƙarfe da ragowar man da ya ƙone, kuma kare ba ya barin wurin da ke yi masa ƙaiƙayi sai ya lashe shi. Duk abin da kuka shafa a bayansa, cikinsa zai tafi. Fiya-fiya ta fi muni: yawu ya riƙa dalala, jiki na karkarwa, ga amai da zawo, numfashi da ƙyar, wani ba ya kai yamma. Wannan karen ne kuma yaranku ke shafawa a ƙofar gida.

Kullum amsar da nake samu ita ce, "Ai Malam, na shafa wa wancan ya warke." Ya dai tsira da ransa. Baƙin mai yana iya kashe kaskar da ke waje, amma yana ƙona fatar da ta riga ta yi rauni, sannan ya rufe ciwon ta yadda sai mun ɓata lokaci muna wankewa da sabulu kafin mu ga abin da ke ƙarƙashi. Ƙuraje kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke tasowa kamar maruru da ɗan rami a tsakiya, musamman da damina. Tsutsar wani ƙuda ce da ke saka ƙwai a ƙasar da kare ke kwanciya yana fitsari. Idan aka toshe ramin da basilin sai ta leƙo, a matse a hankali ta fito gaba ɗayanta. Akwai ƙazuwa, mai zubar da gashin gefen kunne da gwiwar ƙafa, wadda har mutanen gida tana iya sa su susa, ita kuwa sai likitan dabbobi ya duba ya ba da maganinta daidai nauyin karen. Ta yaya baƙin mai zai bambance waɗannan?

Abin da ake bukata ba shi da wuya. Da kun dawo daga daji, ku duba cikin kunne, wuya, hammata da tsakanin yatsu. Ku cire kaska daga gindinta da leda a hannu, ku tsince ƙarangiya, ku wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ku share makwancinsa. Idan wuri ya fara mugunya, ko karen ya ƙi cin abinci, ko dasashinsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi ja, ku kawo shi a ranar, domin kaska tana ɗauke da ciwon da ke shanye jini.

Wanda kuma ya riga ya shafa, ya sa leda a hannu ya wanke karen yanzu da sabulu da ruwa mai yawa, ya kawo shi tare da kwalbar abin da ya shafa, domin da ita za mu san allurar da za mu yi masa.