Hutun jirgin ruwa a yankin Broads

Broads yanki ne na koguna da tafkuna marasa zurfi a gundumomin Norfolk da Suffolk, gabashin Ingila, wanda ya yi suna wajen hutun iyali a cikin jirgin haya. Iyali kan ɗauki jirgi mai ɗakunan kwana da kicin da banɗaki na mako ɗaya ko biyu, su tuƙa shi da kansu, duk inda yamma ta yi musu su ɗaure shi su kwana. An fi cika daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, lokacin zafin ƙasar da dogon hutun makaranta. Hanyoyin da jirgi ke bi sun kai kusan kilomita 200, a kan koguna bakwai: Bure, Ant, Thurne, Yare, Chet, Waveney da Wensum.

Asalin tafkunan

An daɗe ana ɗauka tafkunan, waɗanda suka haura 60, haka aka tarar da su. A shekarun 1950 ne masaniyar tsirrai Joyce Lambert ta yi ta haƙa tana auna ƙasar wurin, sai ta ga gefunansu a miƙe suke kamar an yanka, gindinsu kuma a baje. Ashe ramuka ne. Daga wajen ƙarni na 12 zuwa na 14 mutanen yankin sun riƙa haƙar wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun tsirran fadama, wadda ake shanyawa a yi makamashi da ita, ana kai wa birnin Norwich da garuruwan kewaye. Da ruwan teku ya ɗaga, ramukan suka cika aka bar haƙa. Shi ya sa yawancinsu zurfinsu bai kai mita 4 ba. Mafi girma shi ne Hickling.

Tarihin hayar jirgi

Kafin zuwan jirgin ƙasa, kogunan hanyar fatauci ne. Jiragen dakon kaya masu baƙin ƙyallen iska guda ɗaya, da ake kira wherry, su ke jigilar kwal da hatsi da katako tsakanin Norwich da garin Great Yarmouth na bakin teku. Layin dogo ya kashe musu kasuwa, amma shi ne kuma ya kawo baƙi, domin ya isa ƙauyen Wroxham da ke bakin kogin Bure a 1874. Wasu masu jiragen suka fara share ɗakin kaya a lokacin zafi, su shimfiɗa gadaje, su ɗauki masu hutu tare da matuƙi da mai dafa abinci. Ɗaya daga cikin jiragen dakon, Albion, wanda aka ƙera a 1898, yana aiki har yau a hannun wata ƙungiyar adanawa.

John Loynes ake yawan ambata a matsayin wanda ya fara sana'ar haya, wajen 1878 a Norwich, kafin ya koma Wroxham. Harry Blake ya kafa ofishin dillancin haya a farkon ƙarni na 20, yana buga kundin jirage duk shekara, mutum ya zaɓa tun yana gida. A wancan lokacin, hutu ne na masu hali. Jirgi mai inji ne ya sauya wannan, domin bai buƙatar gwanin iska, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ma'aikata suka saba da hutu mai albashi, iyalai masu ƙaramin ƙarfi suka shigo. Sana'ar ta kai ƙololuwa wajen shekarun 1970, daga nan ta ja baya da jirgin sama ya sauƙaƙa hutu a Sifen da makamantanta.

Tuƙi

Ba a neman lasisi. Mai haya kan nuna wa iyali tuƙi da ɗauri, ya ba kowa rigar kariya daga nutsewa. An ƙayyade gudu tsakanin mil 3 zuwa 6 a awa don kada igiyar ruwa ta ci gaɓa. Wurare biyu ne ke ba sabon shiga wahala. Tsohuwar gadar Potter Heigham, da ake jin an gina ta wajen 1385, gajeriya ce ƙwarai, sai matuƙi na musamman ya ratsa da jirgin haya, wasu jiragen ma ba sa wucewa. Na biyu shi ne Breydon Water, faffaɗan bakin kogi kusa da Great Yarmouth, inda ake jiran ruwan teku ya lafa kafin a tsallaka daga kogunan arewa zuwa na kudu.

Muhalli da gudanarwa

A tsakiyar ƙarni na 20 ruwan ya gurɓata da takin gonaki da ruwan masai, tsirran cikinsa suka mutu a tafkuna da dama. An yashe laka a tafkin Barton don farfaɗo da shi. Yankin ne mazaunin wani babban malam-buɗe-littafi mai jela biyu wanda ba ya hayayyafa a wani wuri a Birtaniya.

Dokar 1988 ta kafa Hukumar Broads, ta fara aiki a 1989. A 2015 hukumar ta fara kiran yankin gandun ƙasa (National Park). Wasu suka ƙalubalanci hakan a kotu, kotun ta bar sunan.