Modem na manhaja da modem mai ƙwaƙwalwar kansa a tsofaffin kwamfutoci

Modem na layin tarho na'ura ce da ke mayar da bayanan kwamfuta su zama sauti domin su bi ta wayar tarho, a ɗaya ɓangaren kuma ta sake mayar da sautin ya zama bayanai. Iri biyu ne aka fi sani: mai ƙwaƙwalwar kansa, wanda ke gama aikinsa a cikin jikinsa, da na manhaja, wanda ke ɗora wa furosesar kwamfuta, wato ƙwaƙwalwarta mai yin lissafi, mafi yawan aikin. A kan sabuwar kwamfuta ba a cika jin bambancin ba. A kan tsohuwa kuwa, shi ne ke raba na'urar da za ta yi aiki da wadda ba za ta ko motsa ba.

Yadda aka gina su

Cikakken modem yana da sassa uku. Akwai mai sarrafawa, wanda ke karɓar umarnin AT, wato rubutattun umarni masu farawa da haruffan AT, da kamfanin Hayes ya fito da su a 1981, yana kuma gyara kurakurai bisa ƙa'idar V.42 tare da matse bayanai bisa V.42bis. Akwai sashen da ke ƙera sautin kansa da lissafi mai nauyi, wanda ake kira DSP. Na uku shi ne ɗan sashen da ke haɗa na'urar da layin tarho, yana kare ta daga wutar layin.

A tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni suka ga cewa furosesa ta yi ƙarfin da za ta iya ɗaukar wani ɓangare na wannan aiki, musamman bayan fitowar Pentium MMX a 1997. Sai suka fara cire sassa domin rage kuɗin ƙira. Wasu sun cire mai sarrafawa kaɗai suka bar DSP, kamar jerin Lucent LT da Conexant HCF. Wasu suka cire duka biyun, kamar PCtel da Motorola SM56 da Conexant HSF, har katin modem ɗin da ake sokawa cikin kwamfuta ya zama bai wuce katin sauti mai kafar tarho ba. Sunan Winmodem, wanda asalinsa alamar kasuwanci ce ta USRobotics, ya bi dukkansu, domin galibi da Windows kaɗai suke tafiya.

Inda matsalar take

Na farko shi ne nauyi. Sautin layi ba ya jira. Dole a sarrafa shi a daidai lokacin da ya iso. Idan furosesa ta shagala da buɗe wani babban shafi ko karanta faifai, modem na manhaja yakan rage gudu, ko ya tsaya sake daidaitawa da ɗaya ɓangaren, ko layin ya yanke gaba ɗaya. Kwamfuta mai furosesar 486, wadda ta gabaci Pentium, ba ta da abin da za ta ba shi. Pentium na farko-farko yakan ɗauka da ƙyar, mai amfani kuma zai ga komai ya yi sanyi muddin yana kan layi. Sai an kai zamanin Pentium III ne nauyin ke zama abin da ba a damu da shi ba. Masu DSP a jikinsu sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa bai kamata a yi musu kuɗin goro da sauran ba.

Babbar matsalar ita ce direba, wato manhajar da ke sa tsarin kwamfuta ya gane na'ura. A modem na manhaja, direban shi ne modem ɗin. In babu shi, katin ba komai ba ne. An rubuta shi domin wani tsari takamaimai, yawanci Windows 95 ko 98, daga baya 2000 da XP. Wanda ke son wani tsarin daban, kamar DOS zalla, ko Windows 3.1, ko OS/2, da wuya ya sami abin da zai yi masa aiki. Masu Linux sun sha wahalar wannan shekaru da yawa: kamfanoni sun ɓoye bayanan ƙirarsu, direbobin da suka saki kuma sukan daina aiki da zarar an sabunta tsarin. Ƙari a kan haka, sunan da ke jikin kwali ba shi ne abin dubawa ba. A wancan zamani kamfani ɗaya kan sayar da kati mai suna ɗaya da ƙwayoyin lantarki daban-daban, don haka sai an karanta rubutun da ke kan babbar ƙwayar katin kafin a san direban da za a nema. Araha ba ta ado, kuma a nan ne kuɗin da aka rage wajen saye ke fita ta wata hanya.

Modem mai ƙwaƙwalwa bai san wannan wahala ba. Duk tsarin da ya iya magana da kafar siriyal, wato kafar da ake jona na'urori a bayan tsohuwar kwamfuta, zai iya magana da shi. A buɗe manhajar tasha (terminal), wadda ake rubuta wa modem umarni kai tsaye a cikinta, a rubuta AT, ya amsa da OK. A rubuta ATDT da lamba, ya buga.

Yadda ake gane su

Kusan duk modem na waje da ke shiga kafar siriyal ta RS-232, mai ƙafa 9 ko 25, mai ƙwaƙwalwa ne. Courier da Sportster na USRobotics sun shahara a wannan aji. Yana da wutar kansa, ga fitilu a goshi: OH na nuna an ɗaga layi, CD na nuna an haɗu, SD da RD suna ƙyaftawa yayin aikawa da karɓa. In ya cije, sai a kashe shi a kunna ba tare da taɓa kwamfutar ba. Katunan da ke shiga tsohon ramin ISA na cikin kwamfuta, masu ƴan filogin zaɓen COM (lambar kafar siriyal) da IRQ (lambar da na'ura ke jan hankalin furosesa da ita), su ma galibi cikakku ne, sai dai a kula: COM1 da COM3 suna raba IRQ 4, COM2 da COM4 suna raba IRQ 3, kuma linzamin siriyal kan yi karo da modem a nan. Katunan ramin PCI, wanda ya gaji ISA, akasarinsu na manhaja ne, haka duk na ramin AMR ko CNR da mafi yawan waɗanda aka gina cikin kwamfutar tafi-da-gidanka. Na USB sun kasu biyu. Masu bin ƙa'idar CDC ACM su ne cikakku.

Akwai wani tarko ga masu tsofaffin injuna ƙwarai. Kafar siriyal mai ƙwayar 8250 ko 16450 tana riƙe bait ɗaya, wato kimanin harafi ɗaya, ne kawai, sai bayanai su riƙa zubewa idan modem ya yi sauri. Ƙwayar 16550A mai riƙe bait 16 ce ke iya ɗaukar gudun bit 115,200 a daƙiƙa lafiya. A irin wannan hali, katin ISA mai ƙwaƙwalwa ya fi, domin yana zuwa da tasa ƙwayar.

Gudu da layi

A takarda duka biyun suna bin ƙa'idoji ɗaya: V.34 mai kai kilobit 33.6 a daƙiƙa, V.90 ta 1998 mai kai 56 wajen saukewa, da V.92 ta 2000. Gudun 56 yana samuwa ne kawai idan ɗaya ɓangaren yana haɗe da layin dijital na kamfanin tarho. Modem biyu na gida ba za su wuce 33.6 a tsakaninsu ba. Layukan tarho da ke bi ta intanet kuma sukan lalata sautin, har sai an rage gudu da hannu.

Ga kwamfutar da ba ta kai Pentium II ba, ko wadda ba Windows take amfani da shi ba, modem na waje mai siriyal shi ne zaɓin da ba a nadama. Na manhaja yana da amfani ne idan injin yana da ƙarfi, tsarin Windows 98 ne zuwa XP, kuma direban da ya dace da ƙwayar katin yana hannu tun kafin a saka shi.