Waiwaye: Jinin da Ya Haifi Hukumar Wasannin Jami'o'in Amurka

A watan Yunin 2025 wata kotu a California ta amince da sulhun da ya ba jami'o'in Amurka damar biyan ɗalibansu 'yan wasa kuɗi kai tsaye. Wanda bai san asalin maganar ba zai ɗauka sabuwar rigima ce. Ta haura shekara ɗari, kuma da gawarwaki aka fara ta.

Wasan da ya haifar da rigimar shi ne ƙwallon Amurka, wanda ba irin namu ba ne. Shi ne wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da gudu, abokan hamayya su kayar da mutum ƙasa. A farkon ƙarni na 20 babu abin da ke tara jama'a a jami'o'i irin su Yale da Harvard da Princeton kamarsa. Ranar wasa ɗalibai kan fito da tutoci da waƙoƙi, tsofaffin ɗalibai su cika jiragen ƙasa, kuɗin tikiti kuwa kamar ruwan sama. A 1903 Harvard ta gina katafaren filin wasa na kankare.

A cikin filin, samari ne ke curewa wuri guda su auka wa mutum ɗaya, wasu na tura mai ƙwallo ta baya, wasu na jan sa ta gaba. Hular kariya ba dole ba ce. In an tashi daga kan tarin, sai a tarar da wani a ƙasa ba ya motsi. A kakar 1905 kaɗai, jaridu sun ƙirga aƙalla mutum 18 da suka mutu, da yawansu 'yan sakandare.

Shugaba Theodore Roosevelt masoyin wasan ne, ɗansa ma yana bugawa a Harvard. A watan Oktoban 1905 ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadar White House ya ja musu kunne. Sun yi alkawari, amma ba ta sauya zani ba. Ranar 25 ga Nuwamba, Harold Moore na kwalejin Union ya samu bugu a ka a wasansu da Jami'ar New York, ya cika a daren. Wannan mutuwa ta girgiza shugaban Jami'ar New York, Henry MacCracken, ya kira taro. Makarantu 62 suka hallara ranar 28 ga Disamba, suka kafa ƙungiyar da a 1910 ta koma NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Jami'ar Columbia ta dakatar da wasan, jami'o'in Stanford da California suka koma ragbi.

Dokokin 1906 sun halatta jefa ƙwallo gaba domin a warwatsa cunkoson. An so a faɗaɗa filin ne, amma kankaren Harvard ba ya matsuwa, dole aka nemi wata dabara. Mace-macen ba su tsaya nan take ba, sai da aka sake gyara a 1910.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaya ɓangaren. Ƙungiyar da aka kafa don ceton ran ɗalibai ta ɗauki wata aƙida: ɗalibi ya yi wasa don sha'awa, haramun ne ya karɓi ko sisi. Alhali tun 1905 mujallar McClure's ta tona yadda kyaftin ɗin Yale, James Hogan, ke zaune a ɗaki na alfarma, yana cin kamasho daga sigarin da ake sayarwa a gari, har da hutu a Kuba. Manyan taurari na samu ta bayan fage, sauran yaran kuwa karaya da targaɗe ne rabonsu, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

A 1929 gidauniyar Carnegie ta binciki makarantu 112, ta tarar 28 ne kawai ba sa ba 'yan wasa wani abu a ɓoye. Rahoton ya fito kwanaki kaɗan kafin kasuwar hannun jari ta New York ta durƙushe, hankalin jama'a ya koma can. Haka aƙidar ta ci gaba da zama, har 2021 da alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara suka yanke hukunci baki ɗaya, suka ba NCAA rashin gaskiya.