Waiwaye: Yadda Mota Ta Yi Wa Samarin Kebbi Nisa

Duk wanda ya tashi a Birnin Kebbi, Argungu ko Jega kafin shekarar 2000 ya san lokacin da yara kan jeru a bakin titi suna gasar gane mota da ƙarar injinta tun ba ta ɓullo ba. Su ƙera ta kara ko ta gwangwani, su yanka tsohon silifas su yi taya. Yau hirar samari a majalisa ta koma kan waya, ƙwallon Turai da neman jari. Dattawa na cewa sha'awar ce ta mutu. A ganina hanyar da ke kai yaro ga mota ce aka yi ta toshewa, ƙofa bayan ƙofa.

A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, daidai lokacin da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata. Ga kuma bashin mota da gwamnati ke bayarwa. Ma'aikaci mai matsakaicin matsayi a ƙasar Gwandu ko Yawuri yana iya sa ran 504 sabuwa dal kafin furfura ta fito masa. A tasha ma ita ce sarauniya.

Abin da ya sa ta shiga ran matasa shi ne ba ta ɓoye cikinta. Ka ɗaga bonet, komai na nan a fili. Idan tana shaƙewa, bakanike zai kwance kaburoto, ya wanke shi da fetur a gwangwanin madara, ya hura 'yan ƙofofinsa da baki, ya kankare fulogi, ya ce wa yaro ya tayar. Yaron da ke miƙa sifana yana gani da idonsa dalilin da ya sa injin ya daidaita. Haka karen mota: ya fara da wanki, ɗaurin kaya da sa waigi a gangare, wata rana maigida ya jefa masa makulli ya ce, kai, juya min ita. Daga nan sai tuƙi, sai lasin, sai wani Alhaji ya ba shi mota ya riƙa biya sannu a hankali har ta zama tasa. Ɗan talaka da bai taɓa shiga aji ba ya san matakan nan, kuma ya ga waɗanda suka taka su.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Amma Kebbi, wadda ta zama jiha a 1991, tana iyaka da Nijar da Benin, sai 'yan Kwatano suka cike gurbin. Samari da dama sun ci abinci da tuƙo motoci daga Kwatano, su bi ta Malanbil da Gaya su shigo Kamba. Golf, Honda da Toyota suka cika gari, kowane samfuri da laƙabin da aka raɗa masa. A zamanin ne wasan mota ya yi tashe wajen ɗaukar amarya. Wannan kam ba na kewarsa, don ya ci rayuka kuma ya bar wasu da nakasa. Shi kuwa kamfanin Kaduna ya yi ta ja da baya, har gwamnati ta sayar da hannun jarinta a 2006.

Daga 1 ga Janairun 2017 aka haramta shigo da motoci ta iyakokin tudu. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin, daga baya aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka, matakin da mutanen Kamba suka ji a jikinsu. Sai 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024, dala kuma ta wuce naira 1,500. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa 70,000 ne. Wanda ya cika tanki mai cin lita 50 a wancan farashi, abin da ya rage masa bai kai buhun shinkafa ba. Ta yaya za a zargi saurayi don bai yi mafarkin abin da yake ganin mahaifinsa ya jingine a zaure, tayoyi sun sace?

Kuɗin da saurayi ya tara yanzu babur yake saya ya shiga kabu-kabu, ko keke napep, ko injin ban-ruwa ya sauka fadama noman shinkafa, ko ya buɗe rumfar POS. Duk suna kawo kuɗi a yau, alhali koyon kanikanci sai an yi shekaru ana shan baƙin mai ba ko sisi. Wayar hannu kuma ta karɓe wani aikin da mota ke yi a da, na nuna isa da na sada zumunci.

Abin da ya fi damuna shi ne garejin kansa. Motocin zamani kwamfuta ke sarrafa su, ba a gane ciwonsu sai an jona na'urar gwaji. Tsofaffin makanikai da yawa sun ƙware ne a kunne da hannu, na'urar kuma tsada gare ta. Yaron da aka kai koyo sai ya tarar ana canza kaya ne da kintace, babu wanda zai bayyana masa dalili, ba da jimawa ba ya gudu.

Da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu a Maris ɗin 2020, bayan dakatarwar kusan shekara goma, an haɗa da jerin gwanon motocin da ake harhaɗawa a Najeriya, waɗanda suka taso daga Abuja. Jama'a sun yi dafifi, yara sun bi su a guje. Sai dai kallo ne ya kai su. Da masu shirya irin wannan taro za su ware wa makanikan Kebbi da ɗaliban fasaha na Kwalejin Waziri Umaru fili, da gasar gano matsalar inji da kyautar na'urorin gwaji, da an ga yawan hannayen da ke jira. Gwamnati na ta kiran a mayar da motoci su koma amfani da iskar gas tun 2023, kuma kowace motar da aka mayar tana bukatar wanda zai duba ta a Zuru ko Bunza, ba sai an ja ta zuwa Kaduna ba.