Ergoterapi: wane irin aiki ake nufi, kuma me ɗalibansa ke bincikawa?

Ɗiyar yayata ta sauka Tawa da hutun damina, jakarta cike da takardu, ta ce ta zo ne don memuwar ɗinta, wato kundin binciken kammala mastar, a fannin ergoterapi. Kowa ya gyaɗa kai kamar ya gane. Tana fita uwarta ta jawo ni gefe: "Kai da ka yi boko, wannan karatun nata, likita za ta zama ko kine?" Kine shi ne mai motsa wa majinyata gaɓoɓi a asibiti. Ba ko ɗaya ba ne, kuma ni kaina sai da na zauna da yarinyar kwana biyu kafin abin ya zauna mini.

Kalmar ta zo mana ta bakin Faransanci, amma tushenta Girkanci ne: "ergon" aiki, "terapi" jinya. Jinya ta hanyar aiki ke nan. Inda mutane ke ɓata shi ne su ɗauka aikin albashi ake nufi, ko sana'a. A wurin masu wannan fanni, aiki shi ne duk abin da ke cika wa mutum yininsa daga asuba zuwa kwanciya: wanka, ɗaura zani, cin abinci, daka, zuwa kasuwa, wasan yaro, rubutun ɗan makaranta, zaman hira a ƙofar gida. Idan shanyewar ɓarin jiki, ko ƙuna, ko hatsarin kabu-kabu, ko taɓin hankali, ko tsufa ya raba mutum da waɗannan, mai ergoterapi ne ke neman hanyar mayar masa da su.

Bambancinsa da kine ga shi a sauƙaƙe. Kine yana fama da hannun ne, ya motsa gaɓa, ya dawo da ƙarfin tsoka. Mai ergoterapi yana tambayar me kake yi da hannun, sannan ya bi ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku: ya horar da hannun a kan wannan aikin, ya sauya yadda ake yin aikin, ko ya gyara kayan aiki da wurin. Tare suke tafiya, kuma a bakin gadon majinyaci iyakar takan cakuɗe.

Sana'ar ta samu suna da ƙungiya a Amurka a 1917, lokacin da mutum shida suka haɗu a garin Clifton Springs na jihar New York. Cikinsu akwai George Barton, mai zanen gine-gine wanda tarin fuka ya kwantar, da likitan ƙwaƙwalwa William Dunton. Sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da raunuka su suka sa ta bunƙasa. An kafa ƙungiyarta ta duniya a 1952, Faransa kuma ta ƙirƙiro diflomar gwamnati ta fannin a 1970. Wannan tarihin yana da amfani don abu ɗaya: ya nuna a gidajen su wa aka fara auna "rayuwar yau da kullum".

Nan ne binciken ɗalibai ya shigo. A tsarin da jami'o'inmu ke bi, har da Abdou Moumouni ta Yamai, lisans shekara 3 ce, mastar 2, dokta 3, kuma ba a fita mastar sai da memuwar. Memuwar ba tara bayanan littattafai ba ce. Ɗalibi zai ɗauki tambaya guda ƴar ƙarama, ya nemi izinin kwamitin kula da ɗa'ar bincike, ya samu yardar kowane mutum da sa hannu ko dangwalen yatsa, ya tattara amsoshi, ya tace su, sannan ya tsaya gaban malamai ranar sutnans ya kare abin da ya samo. Wasu abokan karatunta koyarwar kanta suke bincike a kai, misali me ɗalibi ke koya a staj, wato zaman koyon aiki a asibiti, tunda ƙungiyar duniya ta gindaya aƙalla awa 1,000 na aiki da majinyata kafin a yaye mutum. Ita kuwa tambayarta ita ce: ma'aunin da aka koya mata a aji, yana faɗin gaskiya a tsakar gidan Bahaushe?

Ma'aunin da take nufi shi ne na Barthel, wanda Florence Mahoney da Dorothea Barthel suka wallafa a 1965 a jihar Maryland. Abubuwa goma yake dubawa, maki daga 0 zuwa 100: cin abinci, wanka, gyaran fuska da kai, sa tufafi, riƙe fitsari, riƙe bayan gida, shiga bayi, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya, hawan bene. Ma'auni ne mai kyau, minti kaɗan ya isa a cika shi, shi ya sa asibitoci a ko'ina ke son sa.

Ta gwada shi a kan mahaifiyarmu, wadda hawan jini ya shanye wa ɓarin dama bara waccan. Ta ce mini gwaji ne kawai, kakarta ba za ta shiga lissafi ba, don jika ba ta auna kaka da adalci.

"Kaka, kina iya cin abinci da kanki?"

"Ke kishiya, wa kika ga yana ba ni a baki?"

Maki 10 ke nan, cikakke. Takardar ta ce a ba da 5 idan sai an yanka wa mutum abinci, kuma tuwo ba ya son wuƙa. Sai dai ni na san abin da takardar ba ta tambaya ba. Tun da ciwon ya same ta, Inna ba ta sake sa hannu a kwano ɗaya da kowa ba. Da hagu take ci, kuma ba ta yarda a ga haka, sai ta ja labule ta ci ita kaɗai. Matar da a da ita ke raba nama a akushi. A takarda ta warke daga wannan ɓangaren sarai.

Da aka zo hawan bene sai dariya ta ɓarke, don gidanmu ko dakali mai tsawo babu. Tambayar bayi kuwa an gina ta ne a kan wurin zama, mu kuma tsugunno muke yi, da buta a hannu. Tashi daga gado zuwa kujera ta ci maki 15, alhali wahalarta tana wajen tashi daga tabarma. Ta tashi da 75 ba a lissafa bene ba. Alwala da salla, waɗanda su ne suka fi cin ranta sau biyar a yini, ba su da layi ko ɗaya.

Gyara irin wannan ma'auni ya wuce a ba wani mai jin harsuna biyu ya fassara. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce mutum biyu su fassara kowa daban, a haɗa nasu wuri ɗaya, a ba wasu da ba su taɓa ganin asalin ba su mayar da shi harshen farko, a kwatanta, kwamiti ya zauna a kan kowace kalma, sannan a gwada a kan mutum 30 zuwa 40. Kuma akwai tarko: idan ka cire bene ka sa tabarma, makinka ba zai ƙara kwatantuwa da na wasu ƙasashe ba sai ka sake tabbatar da ingancinsa. A ganina wannan aikin, duk da ba ya da armashi, ya fi memuwar goma masu manyan take amfani. Ko "bayi" ma sai an tsaya a kai, don wani masai zai ce, wani salanga, kuma tsohuwar Adar ba lallai ta amsa wa Hausar rediyo ba.

Washegari ta fito da wani ma'aunin, na Kanada, wanda aka fitar a 1991. Shi ba ya zuwa da jerin ayyuka. Majinyaci ne ke faɗin abubuwan da suka dame shi, har guda biyar, ya ba kowanne maki daga 1 zuwa 10 a kan yadda yake iya yin sa da yadda ransa ya gamsu. Inna ba ta san "ba da maki" ba, sai yarinyar ta zube gyaɗa goma a faifai ta ce ta ware gwargwadon yadda take iyawa. Abu uku ta ambata: alwala, dama fura, da zuwa gidan suna. A kan alwala ta tura gyaɗa biyu gefe, ta daɗe tana kallon sauran takwas ɗin.

Kafin ta koma, an ɗora bokiti mai famfo a kan bulo biyu kusa da ƙofar ɗakin Inna, da ƴar kujera a gabansa, don ruwan ya zuba da kansa ba sai an karkata buta ba. An naɗe mariƙin ludayi da robar tayar keke har ya yi kaurin da yatsun dama za su iya rungumarsa. Furar farko rabinta a zani ta ƙare, Inna ta ce laifin ludayin ne. Batun cin tuwo a bayan labule kuwa yarinyar ta rubuta shi a gefen takarda da jan biro, ta ce zai shiga cikin tambayoyin da za ta yi wa mutanen da za ta zanta da su a Yamai.