Albasa mai sunkuyar da kai (Allium cernuum)

Allium cernuum albasar daji ce ta Arewacin Amurka, tun daga Kanada har Meziko tana fitowa da kanta a gindin duwatsu da filayen ciyawa ba mai shuka ta. Danginsu ɗaya da albasarmu da tafarnuwa. Wani masanin tsirrai Bajamushe, Albrecht Wilhelm Roth, shi ya raɗa mata sunan a 1798, kalmar cernuum kuwa da Latin mai sunkuyar da kai take nufi.

Sunan ya dace da ita wallahi, don karanta yana tashi kamar santimita 30 zuwa 45 sai can sama ya lanƙwashe kamar ƙugiya, furannin nan ƙanana farare ko masu ruwan hoda su riƙa kallon ƙasa sai ka ce amarya ranar kai ta ɗaki. Yuli da Agusta take fure, zuma na son ta sosai, shi ya sa Turawa ke dasa ta a ƙofar gida don ado, kuma dasawa ɗaya ce kowace shekara sai ta sake tohowa.

To mu nan Maraɗi in an ce albasa ta Galmi muke tunawa, mai kai tubarkalla a buhu. Wannan ta dajin kuwa kanta siriri ne kamar ɗan yatsa, amfaninta a ganye yake. Ganyen ma ba kamar lawashinmu mai rami a ciki ba, shi faffaɗa ne siriri kamar ciyawa, ana cin shi ɗanye ko a dafa, warinsa da ƙarfi, kuma ƴan asalin ƙasar can sun daɗe suna cin ganyen da kan duka. Duk matar da ta taɓa daka lawashi ta dunƙule ta shanya a rana ta yi gabu ta san darajar ganyen albasa a miya, ba sai an gaya mata ba. Sai dai irin wannan ta dajin na buƙatar sanyi mai damshi kafin ya tsiro, zafinmu zai ba shi wuya.

A yammacin Amurka akwai wata shuka mai dafi, Toxicoscordion venenosum, kamanninsu na ruɗin mutane har tana kashe tumaki. Masu tsinka sai su murje ganye a yatsa su shinshina tukuna, ita mai dafin ba ta warin albasa ko kaɗan.