Jinyar Wanda Ake Yi wa Kemo: Abin da Zai Iya Jira da Wanda Ba Zai Jira Ba

Maganin ciwon daji da ake kira kemoterafi, wanda masu jinya suka taƙaita zuwa kemo, galibi a asibiti ake ba da shi, amma a gida ake shan wahalarsa. Da zarar nas ta zare allura aka koma gida, aiki ya dawo hannun mata ko miji, ɗa ko 'yar'uwa. Ga tambayoyin da suka fi damun masu jinya.

Me ya sa maganin da aka ce zai taimaki Mama yake galabaitar da ita haka?

Kemo yana farautar ƙwayoyin halitta masu saurin hayayyafa ne, domin halin ƙwayoyin daji ke nan. Sai dai jiki ma yana da nasa lafiyayyun ƙwayoyin masu irin wannan hali: na ɓargo inda ake samar da jini, na tushen gashi, da na fatar cikin baki da hanji. Maganin ba ya tantancewa sosai, duk yana taɓa su. Shi ya sa ake ba da shi zagaye-zagaye, galibi bayan kwana 14 ko 21, don jiki ya samu ya farfaɗo kafin na gaba. Kuma kada ka ɗauki tsananin wahala a matsayin ma'aunin aikin magani. Wani zai gama zagayensa da sauƙi, maganin kuwa ya yi aikinsa.

Wace alama ce ba za a jira gari ya waye a kanta ba?

Zazzaɓi. In ka manta komai a nan, kada ka manta wannan. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa maganin, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, sukan yi ƙasa ƙwarai. A wannan tsakanin ƙwayar cutar da mai lafiya ba zai ma san ta shige shi ba tana iya bazuwa a jinin majinyaci cikin 'yan awanni. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, lokacin ne amai ya lafa, ana ganin an samu sauƙi.

Ka mallaki ma'aunin zafin jiki, taɓa goshi da bayan hannu ba ya wadatarwa. Idan ya nuna digiri 38 a ma'aunin Salshiyas ko sama, a kira likita ko a nufi sashen gaggawa nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne. Wasu asibitoci sukan ba da adadin da bai kai wannan ba, to nasu za ka bi. Da isarku ka fara da cewa: "Kemo ake yi mata, ranar kaza aka yi na ƙarshe." Wannan maganar kaɗai takan hana a bar ku a layi, domin ƙa'idar ita ce a fara ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda. Kada ka ba ta farasitamol kafin ka auna: zai kwantar da zafin, ya rufe alamar, cutar kuwa tana nan tana ci.

Ko babu zazzaɓi, a tafi asibiti idan ana makyarkyata, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji yana ciwo, ko hankali ya fara gushewa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko haɓo ya wuce minti 10 bai tsaya ba, ko bayan gida ya fito baƙi ƙirin.

Maigidana yana ta amai. In jira sai zuciyarsa ta tashi kafin in ba shi maganin hana amai?

A'a, ki ba shi a kan lokacin da aka rubuta, ko da yana cewa lafiyarsa lau. Tare amai tun bai taso ba ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Akwai aman da ke zuwa cikin awa 24 na farko, akwai kuma wanda ke yin jinkiri ya ɓullo a rana ta biyu zuwa ta biyar, musamman da magani irin cisplatin. Akwai ma na uku: mutum ya shaƙi warin asibiti kawai zuciyarsa ta tashi, tun ba a taɓa shi ba. Wannan ba raki ba ne, ƙwaƙwalwa ce ta haɗa wurin da wahalar baya.

Magungunan hana amai iri-iri ne, akwai ondansetron, dexamethasone, aprepitant, metoclopramide da olanzapine. In ɗaya bai karɓe shi ba, ki faɗa wa likita a sauya ko a haɗa. Mutane da yawa suna daurewa a banza, suna zaton haka abin yake. Idan kuwa ko ruwa ba ya zama a cikinsa har tsawon yini, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ƙarin ruwa yake buƙata a asibiti.

Baba ya ƙi cin abinci. In matsa masa?

Nan ne gidaje da yawa suke samun saɓani. Kai ka san sai da ci ake samun ƙarfi, shi kuma bakinsa ya sauya, komai ɗanɗanon ƙarfe yake yi masa, ƙamshin girkin da yake so a da yanzu shi ke tayar masa da zuciya. In ka cika masa kwano ka tsaya a kansa, ka mayar da cin abinci hukunci. Ka zuba kaɗan a ƙaramin kwano, sau biyar ko shida a rana. Wanda ya huce ya fi shiga, domin ƙamshinsa bai kai na mai zafi ba. Ruwa kuma kurɓi-kurɓi cikin yini. Ranar da ya samu sauƙi ya ci abin da ransa yake so, muddin ya dahu sosai kuma an kula da tsabtarsa. Ka riƙa auna nauyinsa mako-mako, in yana zubewa ka sanar da likita.

Bakinta ya yi gyambo, ko ruwa da ƙyar take haɗiya.

Wannan yakan fito mako ɗaya zuwa biyu bayan magani. Buroshi mai laushi, da kuskure baki sau da yawa a rana da ruwan ɗumi da aka sa wa gishiri kaɗan. A guji abin wanke baki mai sinadarin barasa, da yaji, da tsami. Idan kin ga fari-fari a harshe ko cikin kumatu, wataƙila naman gwari ne ya samu wuri, kuma yana da maganinsa.

Gudawa fa, ko taurin bayan gida?

Duka biyun suna faruwa. Magungunan kemo irin su irinotecan, fluorouracil da capecitabine sun yi suna wajen sa gudawa. In ta ƙaru da sau huɗu a rana a kan yadda aka saba, ko ta zo da jini ko zazzaɓi, a kira asibiti kafin a sha wani abin tsayar da ita. Taurin bayan gida kuwa sau da yawa daga ondansetron ne ko magungunan rage zafin ciwo masu ƙarfi. Kwana biyu zuwa uku babu fita, a yi magana.

Gashin ƙanwata ya fara zuba, ta daina kallon madubi.

Yakan fara ne mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko, da magunguna irin doxorubicin, cyclophosphamide da paclitaxel. Ba kowane kemo ne ke zubar da gashi ba. Kusan kowa gashinsa yakan dawo cikin wata uku zuwa shida bayan an kammala, wani lokaci da wata kama daban. Amma kada ki yi saurin ce mata "ai gashi ne kawai". Ita ta san gashi ne. Abin da ke ci mata rai shi ne ciwon da take iya ɓoyewa yanzu ya fito fili. Ki tambaye ta ko tana son a rage shi tun bai fara zuba a matashi ba, ki bar ta ta zaɓa. Af, tun da an ambaci doxorubicin: yakan mayar da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu. Launin maganin ne, ba jini ba.

Ni da nake wanke masa kaya, maganin zai iya cutar da ni?

Ciwon daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Zama tare, riƙe hannu, cin abinci tare, duk babu komai. Sai dai ragowar maganin yana fita ta fitsari, bayan gida da amai, aƙalla awa 48 bayan an sa shi. A wannan tsakanin ki sa safar hannu in za ki kwashe amai, ki wanke zanen da ya ɓaci shi kaɗai, a kora ban ɗaki sosai bayan ya shiga. Mai juna biyu ko mai shayarwa ta bar wa wani wannan aikin. In kemon na haɗiya ne, kada ki taɓa ƙwayar da hannu tsirara, kada ki daka ta, ki kuma ajiye ta nesa da yara.

A gaskiya ma shi ne ke cikin hatsari daga gare ku. Wanke hannu da sabulu ya zama dokar gida. Mai mura ko tari ya yi gaisuwa ta waya. In wani yaro ya fito da ƙarambau ko ƙyanda, a sanar da likita a ranar.

Ta ce yatsunta sun sage, kuma kullum a gajiye take.

Sagewa ko jin kamar ana tsira allura alama ce ta maganin ya taɓa jijiyoyi. Oxaliplatin, paclitaxel da vincristine sukan yi haka, oxaliplatin har yakan sa taɓa abu mai sanyi ya zama azaba. Wasu majinyata sukan ɓoye wannan don tsoron a dakatar musu da magani. Kuskure ne babba, domin in an sani da wuri ana iya rage adadin, in kuwa aka bari ya yi nisa yana iya zama na dindindin. Gajiyar kuma ba irin wadda barci ke gusarwa ba ce, wani lokaci ƙarancin jini ne. Abin mamaki, ɗan tattaki kullum ya fi kwanciya yini guda rage ta.

An kawo mana wani haɗin ganye, an ce yana ƙara ƙarfi. A ba shi?

Sai an nuna wa likita tukuna. Hanta da ƙoda su ke sarrafa kemo, wasu ganyayyaki kuwa suna rage ƙarfin maganin ko su sa ya taru a jiki. Haka asfirin da ibuprofen, suna iya jawo zubar jini a lokacin da ƙwayoyin daskarar da jini suka yi ƙasa.

Wani lokaci yakan yi min faɗa ba dalili, ni ma na gaji. Laifi ne in ji haka?

Ba laifi ba ne. Ki kuma sani dexamethasone da ake haɗawa da kemo yana hana barci, yana sa saurin fushi, yana ɗaga sukarin jini, don haka wani faɗan ba naki ba ne, na ƙwaya ne. Jinyar nan ta watanni ce, mutum ɗaya ba ya iya ta. Masu cewa "in akwai abin da zan yi ki faɗa" da gaske suke, amma sai kin yanka musu aiki: wane ya kai shi asibiti ranar Talata, wance ta kwana da shi ranar Alhamis ke ki yi barci. Ki ajiye littafi guda, ki riƙa rubuta ranar da aka sa magani, sunayen magunguna, zafin jiki, da sau nawa aka yi amai ko gudawa. Bayan zagaye biyu za ki gane ranakun da suka fi tsanani, sai ki nemi mataimaki tun kafin su zo. A shafin farko ki rubuta lambar wayar sashen da ke kula da shi da manyan baƙaƙe, yadda duk wanda ya karɓe ki zai gani.